Jakar ƙugu ga mai farauta daga sirdin bishiya

Ka tambaya wace jakar ƙugu za ka saya don farautar barewa a dazukan Amurka, inda maharbi yake rataye da igiya a jikin bishiya, kimanin mita 6 daga ƙasa. Abu na farko shi ne sirdin, wato abin zaman da maharbi yake ɗaurawa a ƙugu ya rataya a ciki, yana da nasa bel, don haka jaka mai faɗin ɗamara za ta hau kansa, ta danne madaukan da igiyar hawa take ratsawa, kuma wannan haɗari ne da ba na so ka raina. Nemi ƙarama mai siririn bel, ka ɗaura ta sama da sirdin, ka gwada hawa kusa da ƙasa tukuna.

Yadin ya kasance mai laushi, domin a sanyin safiyar Nuwamba ƙarar zif ko kwaramniyar ƙarfe ta isa ta kori barewa; naɗe kowane ƙarfe da tef. Tocilan goshi da igiyar jawo bakan harbi zuwa sama su zauna a aljihun da hannunka zai samu cikin duhu, wuƙa da ruwa kuma a baya. Idan ka kai sama, cire jakar ka rataye ta a bishiya daidai ƙirjinka.