Na saka kalmar sirrina a manhajar ƙawata shafi, yanzu shafina yana bin mutanen da ban sani ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfofi da lesuka da turaren wuta a Instagram daga Zariya, kuma kusan duk cinikina ta nan yake zuwa. Na so shafin ya yi kyau kamar na manyan 'yan kasuwa, sai wani yaro mai gyaran waya ya saka mini manhajar da ke rubuta suna da salon ado, tana nuna masu leƙa shafina, har da ƙarin mabiya kyauta. Ta nemi sunan shafi da kalmar sirri, na saka. Yanzu sai na ga shafina yana bin mutanen da ban taɓa sani ba, kuma an turo mini saƙo wai an shiga daga wata ƙasa. Ƙawata ta ce kada in damu, tunda ba kuɗi a cikin Instagram ba abin da za a sata. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me zan yi, kuma yaya zan ƙawata shafin ba tare da na jawo wa kaina ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba, domin ba ke kaɗai ba ce a cikin shafin nan yanzu. Ki dakata da karatu ki ɗauki wayar. Ki canja kalmar sirri daga cikin manhajar Instagram ɗin kanta, ba ta wani adireshi da aka turo miki a saƙo ba. A cikin Accounts Center, sashen Password and security, akwai jerin duk na'urorin da shafin yake buɗe a kansu. Ki fitar da duk wadda ba taki ba. Ki tabbata imel da lambar wayar da ke kan shafin har yanzu naki ne. Ki kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman wata lambar sirri ta daban bayan kalmar sirri kafin a shiga, lambobin ko-ta-kwana da za a ba ki kuma ki rubuta su a takarda ki adana. Sannan ki goge manhajar. In kalmar sirri ɗaya kike amfani da ita a imel da Facebook, to da imel ɗin za ki fara, don ta nan ake ƙwace sauran. Idan kin tarar an riga an rufe miki ƙofa, ki shiga instagram.com/hacked daga wayar da kika saba shiga da ita.

Bin baƙin da kika gani kuwa, shi ne kuɗin mabiyan da aka ce kyauta ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mabiyan nan shafukan mutane ne irinki da suka miƙa kalmar sirrinsu. Ana sa su su bi ki, ke ma ana sa naki ya bi waɗanda suka biya kuɗi, wani lokaci har ya yi sharhi da sunanki a ƙarƙashin hotunan da ba za ki so a ga sunanki kusa da su ba. Tun Nuwamban 2018 Instagram ta sanar cewa tana share mabiya da sharhin bogi da ke zuwa ta irin waɗannan manhajoji, kuma babu ɗaya daga cikin mabiyan da zai sayi ko yadi guda a wurinki.

Yanzu bari in zo kan maganar ƙawarki, domin ita ta fi ci mini rai, kuma kusan kullum sai na ji ta a bakin wani. Wai ba kuɗi a ciki. Wai ni wace ce da za a yi mini kutse. Hajiya, ɓarawon nan ba ajiya ya zo nema ba. Yardar da kika shafe shekaru kina ginawa tsakaninki da mutane ita yake so, kuma tana nan kwance a akwatin saƙonninki.

Ga yadda abin yake tafiya. Ba ya gaggawar korar ki. Zai zauna shiru yana karanta hirarrakinki, ya koyi yadda kike gaisuwa, wa kike ce wa Hajjaju, wa kike ce wa Anti, nawa kike sayar da turmi, nawa kike ragi. Sai wata kwastoma daga Abuja ta zaɓi atamfa uku da daddare ta ce a turo lambar akawun. Kina barci, shi ya amsa da irin lafazinki: wancan akawun ɗin yana ba da matsala, ki tura ta wannan. Ta tura, ta aiko da hoton rasit, ya yi godiya, ya goge hirar. Ke ba za ki san komai ba sai bayan mako, lokacin da ta gaji da jiran kaya ta fara yaɗa hoton shafinki tana kiran ki macuciya. Me za ki ce mata? Daga shafinki aka yi mata magana.

Bayan kwastomomi sai dangi. Saƙo ya je wa ƙanwar mahaifiyarki cewa kina cikin matsala, ta ranta miki dubu ashirin zuwa safiya. Sai a ɗora sanarwa da sunanki cewa kin zuba kuɗi a wani wuri an ninka miki, kowa ya garzaya. Waɗanda za su fara faɗawa su ne waɗanda suka fi ƙaunarki. Kuma ki tuna abin da ke cikin akwatin nan: adireshin gidajen matan aure da kike aika wa kaya, lambobin wayarsu, rasit mai ɗauke da cikakken suna da banki, hotunan da wasu suka turo miki sanye da ɗinkinsu don ke kaɗai ki gani. Wannan duk amanar mutane ce a hannunki, kuma wanda ya ce miki ba abin sata bai yi tunanin su ba ko kaɗan. Sai ɓarawon ya gama tatsa sannan ya canja imel da lamba, ya sayar da shafin da mabiyansa, ko ya nemi ki biya kafin ya mayar miki.

Batun ganin masu leƙa shafi kuma ƙarya ce tsagwaronta. Facebook ya rubuta ƙarara a shafinsa na taimako cewa ba ya nuna wannan, kuma babu manhajar waje da za ta iya. Instagram ma ba ta ba kowa wannan bayani. Masu kallon Story kaɗai take nunawa, a cikin manhajarta. Sunayen da aka jera miki tsintar su aka yi daga masu hulɗa da shafinki. Abin takaici, mace ta ga sunan kishiya ko na tsohon miji a jerin bogi, ta ɗora zargi da gaba a kan abin da bai faru ba.

Kada kuma a ce miki ai daga Play Store aka sauke ta. A 2015 wata manhaja mai suna InstaAgent, mai wannan alkawari na nuna masu leƙe, ta kai sahun gaba a Ingila da Kanada kafin a gano tana kwashe kalmomin sirri tana turawa wani wuri, Apple da Google suka cire ta. A Oktoban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya gano manhajoji sama da 400 a rumbunan Google da Apple masu satar bayanan shiga Facebook, ya gargaɗi mutane kusan miliyan ɗaya. Kaso mafi girma na gyaran hoto ne, akwai kuma wasanni da VPN, har da tocilan.

Akwai kayan aiki na waje na gaskiya, irin su Buffer da Hootsuite da Later, kuma gane su ba wuya. Sukan kai ki shafin Instagram ko Facebook na ainihi, a nuna miki izinin da suke nema, ki amince, kuma duk ranar da kika ga dama ki janye shi a sashen Apps and websites. Kalmar sirrinki ba sa ganin ta. Bambancin kamar na shigo da kafinta ya gyara kantar shago kina tsaye ne, da miƙa masa mukullin shago ya tafi da shi gida. Duk manhajar da ta ba ki gurbin rubuta kalmar sirri a cikinta, balle ta ce ki kawo lambobi shidan da aka turo miki, ki fita nan take.

Ina kira ga 'yan'uwanmu masu gyaran waya da masu kiran kansu masana haɓaka shafi, ku ji tsoron Allah. Mace ta kawo muku waya da abincin 'ya'yanta a ciki, ku cusa mata manhajar da ku kanku ba ku san wa ya ƙirƙire ta ba, don 'yan canjin da za ta ba ku. Haka kuke yi da GB WhatsApp, alhali WhatsApp yana rufe layukan masu amfani da irinsa, kuma a 2021 kamfanin Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin ɗan'uwansa FMWhatsApp. Masu karɓar kuɗi da kalmar sirri wai za su samo shuɗin maki, wato alamar tabbatar da shafi, su ma damfara ce: tun 2023 akwai Meta Verified, mai shafi ne ke nema da kansa daga cikin manhaja da katin shaidarsa.

Ƙawata shafin kuwa ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan. A gurbin suna ki rubuta abin da mai saye zai nema, kamar Atamfa da Lesi Zariya, da haruffa na yau da kullum. Haruffan adon nan alamomin lissafi ne, bincike ba lallai ya gane su ba, babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu, kuma manhajar da ke karanta wa makafi rubutu tana rikicewa a kansu. Bayanin kai haruffa 150 ne, ki sa garinki da yadda kike aika kaya. Tun 2023 ana iya saka adireshin intanet har biyar a shafi, don haka ki sa na WhatsApp: wa.me/234 sai lambarki ba tare da sifilin farko ba. Hotuna ki tsara su a manhajar Canva ki sauke, ki ɗora da hannunki. Tsara lokacin fitar hotuna a shafi kuma manhajar Meta Business Suite tana yi kyauta.

Yau ɗin nan, bayan kin canja kalmar sirri, ki bi saƙonnin da aka aika daga shafinki tun ranar da aka saka manhajar. Ki kira duk mai odar da ba ta kammala ba a waya, ki tambaye ta ko an ba ta wata lambar akawun. Sannan ki ɗora gajeren bidiyo da muryarki, ki faɗi sunan da ke kan akawun ɗinki, ki ce duk wanda aka ba wani suna daban kada ya tura ko sisi sai ya kira ki.