Kamun masu fatsa zai iya nuna yawan kifin da ya rage a gulbi?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Argungu. Duk Asabar muna fita fatsa da abokai don nishaɗi, kuma bana kamu ya ja baya. Daga abin da muke kamawa, ana iya sanin kifi nawa ya rage a gulbi?

Amsa: Malam, adadi kam ba zai fito ba, amma za a gane ko kifi ƙaruwa yake ko raguwa. Ba yawan kamu ake dubawa ba, kamu ake rabawa da wahalar da aka sha. Ku huɗu kuka yi awa 5 kuka samu karfasa 10: rabin kifi ke nan a awa ga mutum guda. In baɗi a gurbin nan, a watan nan, da irin fatsar nan ya koma kwata, to akwai magana.

Inda lissafin ke yaudara shi ne rani. Ruwa na janyewa, tarwaɗa da kurungu su cunkushe a 'yan gurabe masu zurfi, kai kuwa ka san gurbin. Sai kamu ya yi kyau alhali kifin ƙarewa yake. Haka in ka sauya tsutsa ko ka ƙware. Ga kuma halinmu na masunta: ranar da aka dawo da gora wayam ba mai ba da labarinta, alhali ita na fi so a rubuta.

Kada ka auna da bikin kamun kifi. Matan Fada, ruwan da ake bikin Argungu a cikinsa, a killace yake shekara guda ƙarƙashin Sarkin Ruwa, sannan dubban mutane su faɗa da homa cikin kamar awa ɗaya, kowa babba yake nema. Giwan ruwa mai kilo 78 da ya ci gasar 2020 shaida ce cewa akwai manya, bai ce komai kan ƙanana ba.

In adadi kake so, sai a rufaffen ruwa kamar tafki. A sa wa kifi 100 alama a sake su. Bayan kwanaki a kamo 80. In 8 na da alama, ɗaya cikin goma ke nan, wato 100 ɗin ɗaya cikin goma ne na kifin tafkin, don haka kifin wajen 1,000 ne. A gulbi mai gudu wannan ba ya tsayawa, don kifi na shiga yana fita.

Ka sayi littafin rubutu: kwanan wata, gurbi, awa nawa, mutum nawa, irin kifi da tsawonsa. Tsawon ma ya fi saurin tona asiri, don kifi kan fara ƙanƙancewa kafin ya yi ƙaranci. Bayan damina uku ka kai wa jami'an kifi na jiha, ko cibiyar binciken kifi da ke New Bussa.