Ga ƙanenmu mai neman yadda zai yi zancen wasanni da Faransanci

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce jarrabawar baki ta matso, an faɗa muku batun wasanni da motsa jiki zai iya fitowa, kai kuma da zarar ka buɗe baki sai jouer da faire su cakuɗe maka, harshe ya ɗaure. Wallahi da na karanta sai tausayinka ya kama ni, don wannan ciwon na san shi ciki da bai.

Bari in fara sauke maka wannan nauyin, don bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Wasan da ake yi da ƙwallo shi ne na jouer à: je joue au football, au basket, au tennis. Abin da jikinka ke yi kuwa, gudu, iyo, keke, ɗaga ƙarfe, na faire de ne: je fais de la course, de la natation, du vélo, de la musculation. In ka rikice a gaban mai jarrabawa ka kama faire, don faire du foot ma daidai ne, amma jouer à la natation babu shi. In za ka ce ba ka yi, du da de la su koma de: je ne fais pas de sport. Shi kuwa au ba ya motsi: je ne joue pas au foot. Harafin ƙarshe na sport kuma ba a furta shi. Shi ke nan fa.

Abin da ya fi wannan illa shi ne a kashe maka gwiwa. Ni wani malami ne ya so ya raba ni da yaren nan, a wani wurin lesin da nake zuwa da yamma a nan Zariya. Littafinsa cike yake da hotunan Turawa suna sulu a kan ƙanƙara, ski, da rugby, da hawan tsaunuka. Ranar ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wane wasa kowa ke yi. Da aka zo kaina na ce kokawa nake yi, don gaskiyata ke nan, tun ina yaro nake yin ta a ƙauyenmu bayan an gama girbi. Mutumin nan ya cire tabarau, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce a maimaita wa aji. Na maimaita. Sai ya kwashe da dariya, ya ce wannan ai ba wasa ba ne, dambarwar ƙauye ce, in zaɓi wani abu na masu wayewa daga cikin littafi. Aji ya ɗauka. Har da 'yan mata biyu da ke gaba, ɗaya tana rufe baki da mayafi. Ya tilasta ni na tsaya na karanta je fais du ski, ni da ko ƙanƙarar firij sai an yi sa'ar wuta nake ganinta. Daga ranar ya laƙaba mini suna le lutteur, wato ɗan kokawa, ko rajista yake kira da shi yake kirana. Ga kuɗin wata kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, ranar ɗaya ga wata yana bakin ƙofa da littafin rasit. Na daɗe in na tuna da tabaran nan sai in ji abinci ya fita raina. Na yafe masa don Allah, amma ban manta ba.

Abin haushin, ashe shi ne bai sani ba. Nan maƙwabtanmu Nijar kokawa ce sarauniyar wasanni, la lutte traditionnelle, tun 1975 suke gasar ƙasa, jihohinsu takwas kowace ta kawo 'yan kokawarta a nemi takobi, le Sabre national, ana watsawa a talabijin, jaridu suna rubutawa da Faransanci. Senegal ma haka, har da mai haɗe da naushi, la lutte avec frappe. To da wane Faransancin ne kokawa ba wasa ba?

Don haka kada ka haddace wasan da ba ka yi. Mai jarrabawa zai bi ka da tambaya, yaushe, a ina, da wa, sau nawa a mako, kuma ƙarya a yaren da ba naka ba ba ta da ƙafa. In gudun asuba kake yi a titin Samaru, faɗe shi: je cours tous les matins. In ƙwallon yamma ce a filin unguwa, je joue au foot avec mes amis deux fois par semaine. Ka riƙe depuis, wato "tun", kuma aikatau ya zauna a halin yanzu: je joue au foot depuis dix ans. In ma ba ka komai sai kallo, ka ce je regarde les matchs, ka faɗi ƙungiyarka da dalili. Wannan ma magana ce.

Ni abin da ya buɗe mini baki sharhin wasa ne. Akwai wani gidan kallo a Sabon Gari da ke kama Canal+, mutane na ƙorafin ba sa jin yaren, ni kuwa nan nake tarewa kusa da lasifika. Kana ganin abin da ido, kunne na ɗauka: alƙali ya ɗaga kati ka ji carton jaune, ɗan layi ya ɗaga tuta ka ji hors-jeu, ga coup franc bugun tazara, ga mi-temps hutun rabin lokaci, ga gardien mai tsaron gida. Lambobi ma a nan na ƙware, don tamanin da casa'in na Faransawa sai da haƙuri. Wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Najeriya da Kwaddibuwa a Abidjan, 11 ga Fabrairun 2024, da Faransanci na kalle shi. Troost-Ekong ya ci mana, muka yi ta ihu, Kessié ya farke, sai Haller a minti na 81. Quatre-vingt-unième minute. Har gobe in na ji wannan lambar sai gabana ya faɗi. Kuma har yanzu ina kan bakana, mun ja baya da wuri ne, muka bar musu ƙwallo kamar mun ci bashinsu. A bar wannan zancen.

Ka nemi shirin Radio Foot Internationale na RFI, ana samun sa a intanet. Suna sauri, suna katse juna, farkon ji ba za ka kama komai ba sai sunayen 'yan wasa. Kada ka damu, ka saurari na wasan da ka riga ka kalla. Ka nemi hirarrakin 'yan wasa bayan an tashi, jimlolinsu gajeru ne kuma kusan kullum iri ɗaya: on a bien joué, on a tout donné. Sannan 'yan uwanmu 'yan Nijar da ke kasuwanci a garin nan, ba duka suka yi lakwal, wato boko, ba, amma wanda ya yi, ka tsokane shi da zancen kokawa ko na Mena, ƙungiyar ƙasarsu, ka ga yadda Faransanci zai zubo. Kuma ba za su yi maka dariya ba.

Af, sassan jiki. Kada ka shiga ɗakin nan ba ka iya j'ai mal au genou da j'ai mal au dos ba, wato gwiwata na ciwo, bayana na ciwo, suna son tambayar rauni. In kana motsa jiki da safe ka riƙa ƙirga les pompes (fires-of) da les abdos (atisayen ciki) da Faransanci, a bayyane, ko maƙwabta za su ce ka zautu. Kuma ka yi échauffement, wato ɗumama jiki, na gaske kafin gudu, musamman da sanyin hunturun Zariya, gwiwata ta hagu ce shaida.

Ka rubuto jimlolinka a nan kafin ranar, akwai waɗanda suka yi cibiyar koyon Faransanci ta Badagry a zauren nan, sun fi ni nahawu nesa ba kusa ba, za su gyara maka. In murya kake so a saurara ka turo mini, amma ban da yammacin Asabar, ina gidan kallo. Allah ya ba da sa'a.