Tambaya da Amsa: Kalmar "take" a Jaridun Shekarun 1950

Wata ɗaliba da ke nazarin tsofaffin jaridu ta aiko da tambaya. Ta ce tana fassara labaran Turanci na shekarun 1950, kuma kusan kowane shafi sai ta ci karo da "take". Ƙamus ya ce mata ma'anarta ɗauka, amma in ta sa hakan sai Hausar ta ƙi zama. Ina matsalar take?

Malama, ƙamus bai yi ƙarya ba, ma'ana ɗaya ya fara ba ki cikin masu yawa. Editocin wancan zamani, daga na Landan har na Daily Times ta Ikko da Nigerian Citizen ta Zariya, suna son kalmar ne don gajartarta. Harafi huɗu ce, ga kanun labari ana jera shi da haruffan dalma a fili ƙanƙane. Sai ta zama kalmar aiki mai shiga ko'ina, sunan da ya biyo ta shi ke riƙe da ma'anar. Don haka ki fara duba abin da ke gabanta kafin ki zaɓi aikatau.

In gari ne a labarin yaƙi, kamar shigar sojojin Koriya ta Arewa birnin Seoul a Yunin 1950, Bahaushe cewa yake sun ci garin. In kujerun majalisa ne, nan ma ci ne: a zaɓen Nijeriya na Disamban 1959 jam'iyyar NPC ta Arewa ta ci kujeru 134 cikin 312. Sarauta ana cin ta, ko a hau gadonta. Ofis kuwa kama aiki ake yi, rantsuwa a sha ta ko a yi ta, magani a sha, fursuna a kama shi. "Take place" faruwa ce ko aukuwa; wanda ya rubuta "taron ya ɗauki wuri" ya bar mai karatu yana neman inda aka kai wurin.

Inda nake so ki yi taka-tsantsan sosai shi ne "take over". Ranar 26 ga Yulin 1956 shugaban Masar Gamal Abdel Nasser ya mayar da kamfanin mashigin Suez hannun gwamnatin Masar. Turancin bai nuna ɓangare ba, amma Hausa sai ta tilasta miki zaɓi. In kin ce ya ƙwace, kin nuna fin ƙarfi, kin tsaya kusa da ra'ayin Ingila da Faransa. In kin ce ya karɓa, kamar miƙa masa aka yi. Karɓe tana tsakani: ya kai hannu ya haɗa duka, ba tare da kin yanke hukuncin halacci ba. Ni ita zan zaɓa, sai fa in marubucin asali ya fito da fushinsa fili.

Karin magana ma shaida ce. Ana cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Lada kuɗi ne, ba a tauna shi. Ci a nan karɓa ce tare da mora, wadda ba a iya mayarwa, shi ya sa askin ya zama tilas. Sa ɗauka a gurbinta, sai nauyin maganar ya zube, don abin da aka ɗauka ana iya ajiye shi.

Ba kullum ɗauka ke zama kuskure ba. Ɗaukar hoto, ɗaukar ma'aikata, ɗaukar fansa da ɗaukar alkawari duk Hausa ce lafiyayya, ɗaukar mataki kuma ta zauna a bakin 'yan jarida har ba mai jin baƙuntarta. Sai dai a kula da siffarta: ya ɗauki kaya, ya ɗauke su, ya ɗauka. Akwai kuma ɗauke mai nufin gusarwa ko yankewa, kamar ruwa ya ɗauke, an ɗauke wuta.

Shawarata, ki nemi Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, ki ɗora fitowar mako guda kusa da jaridar Turancin makon, ki bi labari ɗaya a cikinsu, kina rubuta aikatau ɗin da Hausar ta sa a kowane gurbi.