Amsoshin Tambayoyinku: Incognito Ba Layar Zana Ba Ce

Wata baiwar Allah daga Zariya: Waya ɗaya muke amfani da ita ni da ƙannena. Ina bincike kan wata larurar mata da ke damuna, ba na son su gani. Yaya zan yi?

Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, don irin wannan aka yi Incognito, wato yanayin binciken da ba ya ajiye tarihin shafukan da kika buɗe a wayar. A Chrome, taɓa ɗigo ukun nan na saman dama, ki zaɓi New Incognito tab, za ki ga shafin ya yi baƙi. In kin gama, rufe shafukan gaba ɗaya, domin sai an rufe su tarihin binciken yake gogewa. Abin da kika sauke kuwa yana nan a Downloads, sai kin goge shi da hannu. Kada ki shiga asusunki na Google a ciki, kuma binciken da aka yi a manhajar YouTube ko TikTok ba ya cikin wannan lissafi. Sannan ki daure ki ga likita.

Wani ɗalibi daga Katsina: An ce Incognito na rage cin data. Gaskiya ne?

Wanda ya faɗa maka, data ɗinka yake ci ko nasa? Ba ya ragewa. Wani lokaci ma ƙari yake yi, tunda kowane shiga sai ya sake sauke hotunan shafin.

Ma'aikaci daga Kaduna: In na buɗe shi a kan wayifai ɗin ofis, mai gidana zai gani?

Zai iya ganin sunayen shafukan da ka ziyarta, haka kamfanin layinka. Incognito na ɓoye ka ne daga mai ɗaukar wayarka bayanka, shi ke nan. A 2020 an maka Google a kotu a Amurka kan tattara bayanan masu amfani da Incognito, a 2024 ya amince zai goge tarin bayanan. Abin da ba ka son a gani, bar shi sai ka koma gida.

Ɗan kasuwa daga Kano: In sayi VPN ne, ko na kyauta ya isa?

Alhaji, nan ne gizo ke saƙar. Tun da aka dakatar da Twitter a Najeriya a Yunin 2021 kowa ya cika wayarsa da VPN na kyauta, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanya, don a samu shiga Twitter ɗin, aka janye dakatarwar a Janairun 2022, su kuwa suna nan daram. VPN yana ɗauke zirga-zirgarka daga idon kamfanin layi ya miƙa wa mai manhajar. To waye shi? Na'urorin da yake amfani da su kuɗi suke ci, kai ba ka biya ko sisi ba, da me yake cin riba? Facebook ma ya taɓa mallakar wani VPN na kyauta mai suna Onavo, yana leƙen manhajojin da mutane ke buɗewa, aka cire shi daga shagon Apple a 2018.

Abin da ya fi ba ni takaici, mutum ya kai wayarsa shagon caji a tura masa VPN da GB WhatsApp ta Xender, ya danna "Allow" a kan komai har da saƙonninsa, alhali a wayar lambar sirrin banki ke shigowa, hoton NIN da BVN na cikin gallari. Mai VPN me ya haɗa shi da saƙonninka ko lambobin mutanenka? Duk wanda ya nemi wannan izini, goge shi yau.

In harkarka WhatsApp ce da tura kuɗi, ba ka buƙatar VPN, wasu manhajojin banki ma ƙin buɗewa suke in yana kunne. In dole ne, sauke daga Play Store, fara biyan wata ɗaya kafin ka ɗaure kanka da shekara, ka guji masu tallar "biya sau ɗaya har abada". Kafin nan shiga Settings na WhatsApp, Account, ka kunna Two-step verification, ka sa lambobi shida da ba ranar haihuwarka ba.