An yi wa ɗana aikin jijiyar huhu, yanzu bugun zuciyarsa yana tsallake

Tambaya: Likita barka da aiki. An yi wa ɗana aikin zuciya a Indiya yana ɗan shekara 3, sun ce jijiyar da ke dawo da jini daga huhunsa na dama ta shiga inda bai dace ba, ga kuma rami a zuciyar. Yanzu shekararsa 8, in yana barci na kara kunne a ƙirjinsa sai in ji bugun ya yi sanyi, wani lokacin kamar yana tsallake. Aikin ne ya lalace?

Amsa: Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara masa lafiya. Ba lallai aikin ne ya lalace ba, amma kar ki bar maganar nan a gida.

Kin ga jijiyoyi 4 ne ke dawo da jini daga huhu, duk ɗakin hagu na sama na zuciya suke zubawa, shi naki wata ta kauce ta bi dama, kusa da babbar jijiyar da ke sauko da jini daga kai da hannuwa. To daidai wurin nan ne akwai wani ɗan ƙulli da ke kunna wutar zuciya, shi ke ba da umarnin kowane bugu, kuma a gefensa likita ya yi yanka da ɗinki, don haka ko aiki ya yi kyau tabon na iya sa ƙullin ya yi kasala ko bugun ya riƙa gudu ba tsari, wani sai bayan shekaru abin ke fitowa. Shi ya sa ba ma sallamar yaran nan kwata-kwata.

Sai dai bugun kowane yaro yana raguwa cikin barci, yana kuma ƙaruwa da raguwa tare da numfashi, kunne ba zai bambance miki ba. Ki kai shi wajen likitan zuciyar yara a asibitin koyarwa da takardunsa na Indiya, a yi ECG, wato gwajin wutar zuciya, da hoton zuciya, a ɗaura masa Holter, wata ƙaramar na'ura mai naɗar bugun zuciya, ta awa 24 don ta ɗauki bugun dare. Da yawa bibiya kawai suke buƙata, kaɗan ne ake saka wa batir mai daidaita bugun zuciya.

In ya suma, ko ya gaji tiɓis da ɗan wasa, ko ya ce zuciyarsa na dukan uku-uku, dan Allah a ranar za ki tafi, kuma kar a ba shi maganin zuciya daga kemis.