Ba Jam'iyya Ce Ta Hana Ni Sauraron Waƙoƙin Kamfen Ba

Malam, ka tambaya ko don ina bayan wata jam'iyya ne ba na sauraron waƙoƙin siyasa na yanzu. Wallahi ko katin jam'iyya ban taɓa yanka ba. Nakan yi zaɓe a Talata Mafara, in duba mutum, ba tuta ba.

Kunnena ne ya ƙi su. Na tashi a gidan da mahaifinmu ke saka kaset ɗin Musa Ɗankwairo na Maradun bayan sallar isha'i, yana kishingiɗe kan tabarma, rediyon ɗaure da roba don murfin batir ya karye. Kotso na tashi, 'yan amshi na karɓa, shi kuma ya tsayar da kaset ya fassara mana kalma guda da ta wuce mu. Haka na san Sa'idu Faru. Na sani, Ɗankwairo ma ya yi wa Sardauna waƙa, to siyasa ba sabuwa ba ce a waƙa. Amma Ɗankwairo ya rasu tun 1991, har yau ana tsintar Hausa a bakinsa. Waƙar situdiyo ta yanzu fiyano ce da zagin abokin hamayya, zaɓe na wucewa ta mutu, mawaƙin ya koma wa wanda ya zaga jiya.

Nishaɗina kuwa dambe ne da kokawa in an gama girbi. Fim ba ya zaunar da ni. Abokaina na ce mini tsoho, ni kuwa ko arba'in ban kai ba.